Malama Keziya da Da'ira Mai Ɗigo Shida

Ni dai har yau in na tuna abin nan sai in ji bakina ya yi ɗaci, kuma a cikin waɗanda nake jin haushi har da ni kaina. Amma bari in fara da ita, tun da labarinta ne.

Malama Keziya malamar lissafi ce a wata sakandaren kuɗi da ke Sabon Gari, can wajen hanyar Dogarawa. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don har yanzu a nan nake cin abinci. Ni sunana Sati, fizis nake koyarwa, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan teburina yana manne da nata a ɗakin malamai. Saboda haka ba labarin wani nake ba ku ba.

A Shika aka haife ta, a gidajen ma'aikata. Babanta mutumin kudancin Kaduna ne da aikin kula da shanun gonar bincike ya kawo shi Zariya. Da Hausa ta buɗe baki, yaren iyayenta sai a gaisuwa in an je gida Kirsimeti. Ta yi karatun koyarwa, ta auri Raphael, wani mutum mai shiru-shiru da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje a jami'a. Ya rasu ya bar ta da yara biyu da ɗaki biyu a Hayin Dogo cikin Samaru. Tun daga lokacin kullum da sassafe za ka gan ta a bakin titi, jakar leda a hannu cike da littattafan yara, tana jiran motar Sabon Gari.

Kada ku zaci wata mai sanyin hali ce. Ina! Bakinta kamar reza. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne mutum ya ce mata “duka” ko “kullum”. Wata rana a zumuntar mata ta coci wata ta miƙe ta ce duk yaran zamani ba su da kunya. Keziya ta juya ta ce, “Duka? Mama, kin zaga gida-gida kin duba?” Mako biyu matar ba ta amsa gaisuwarta ba. Yara a makaranta kuwa suna suka sa mata, Malama Ka-Tabbata, don ko amsarka daidai ce sai ta tsare ka da ido ta ce, “Ka tabbata?”

A zangon farko na kowace shekara takan yi wa 'yan aji shida bitar hanyoyin kafa hujja a lissafi. Na sha tsayawa a bakin taga ina saurare, don darasin yana ba ni dariya.

“Hanya biyu ce,” in ji ta. “Ta farko, ka ga abu sau ɗaya, sau biyu, sau goma, sai ka ce ai haka yake. Littafinku ya ce indoktif, ni kuwa ina kiranta na-saba-gani. Shekara ashirin ina hawa mota daga Samaru, direba yana tsayawa a Kwangila. Gobe zai tsaya?”

Yara su ɗauka baki ɗaya, “Zai tsaya!”

“Wa ya gaya muku? Direban kawunku ne? Mai yiwuwa ya tsaya, ni ma na sa rai. Amma ranar da mota ta cika tun daga tasha kuma babu mai sauka, wucewa zai yi abinsa. Ta biyu ita ce didoktif, ni ina kiranta dole-ne. Duk lambar da ta ƙare da sifiri, biyar tana raba ta. Ɗari uku da saba'in ta ƙare da sifiri. Sai me?”

“Biyar tana raba ta.”

“Ko direba ya so ko bai so ba. To ku ji da kyau. Na-saba-gani ba laifi ba ce, da ita ake samun zato. Amma in kun samu zaton, ku gwada shi kafin ku rubuta mini a takarda.”

Yawancin yaran dariya kawai suke sha su manta. A shekarar da nake magana, yarinya ɗaya ce ta ɗauki zancen da gaske. Sunanta Ibukun, uwarta tana sayar da robobi da bokitai a kasuwar Sabon Gari. A nan aka haife ta, in tana Hausa ba ka ce ba Bazazzagiya ba ce. Ba ita ce ta fi kowa ƙoƙari ba, tana da nawa, kullum ita ce ta ƙarshen miƙa takarda. Sai dai hannunta ba ya sauka a aji. “Malama, me ya sa?” Ta tambaya har sauran yara su fara tsaki. Keziya da ba ta yabon kowa ta taɓa ce mini, “Sati, wannan yarinyar ita kaɗai ce take sa ni shiri kafin in shiga aji.”

Yanzu sai in gaya muku yadda makarantarmu take, ku ji abin takaici. Mai makarantar shi ne kuma shugabanta, Mista Japheth, amma kowa Dadi yake ce masa, har mu malamai masu furfura. A bakin ƙofa akwai wani ƙaton kyalle da aka rubuta cewa ɗalibanmu suna cin jarabawar gama sakandare ɗari bisa ɗari. Ga yadda ake samun ɗari bisa ɗarin. Kafin a tura sunaye, sai a yi jarabawar gwaji, wadda yara ke kira mok. Duk wanda bai kai maki hamsin a lissafi ko Turanci ba, ba za a sa sunansa ba, sai ya jira ta 'yan waje a ƙarshen shekara mai zuwa. Kuma malamin aji ba ya shirya tambayoyin, ba ya makin takardun, wai don kada ya yi son kai. Tambayoyi da amsoshinsu daga wani kundi ake ciro su, wanda Dadi ya sayo shekara tara da suka wuce a wani shagon hoton takardu a Samaru. Hoton hoto ne na wani hoton, har sunan wanda ya rubuta shi ya goge. A durowa yake kulle shi, ya fi Littafi Mai Tsarki samun kulawa a ofishin nan.

A wannan shekarar ni aka ba makin lissafi. Takarda arba'in da biyu, ga kundi a gefe, ranar Asabar da rana, rediyo yana ta ihun ƙwallo a kunnena. Tambaya ta bakwai mai maki uku ce. An zana da'ira, an sa ɗigo biyu a gefenta, an haɗa su da layi, da'irar ta rabu yanki biyu. Ɗigo uku, an haɗa kowanne da kowanne, yanki huɗu. Ɗigo huɗu, yanki takwas. Ɗigo biyar, yanki goma sha shida. Sai aka ce, in ɗigo shida ne, yanki nawa za a iya samu? Kundi ya ce talatin da biyu. Ni ma na ce ai a fili yake, ninkawa ake yi. Yaro arba'in da ɗaya suka rubuta talatin da biyu, na yi ta ba su maki uku-uku. Ibukun ta cika rabin shafi da wata ƙatuwar da'ira, layuka birjik, ta bi kowane yanki ta sa masa lamba da ƙananan rubutu, a ƙasa ta rubuta talatin da ɗaya. Na yi tsaki, na ce dubi ɓata lokaci, na ja mata jan biro. Da na haɗa makinta sai ya tsaya arba'in da takwas.

Ban ƙirga ba. Ni, malamin fizis mai digiri, zanen yana gabana, lambobin suna gabana, ban ƙirga ba. Tir da ni.

Ranar Litinin aka manna sunaye a allon sanarwa, babu Ibukun. Ranar Juma'a za a tura su. Keziya ta karɓi takardun don ta ga inda yaranta suka yi rauni. Ina cin gyaɗata sai na ga ta tsaya a kan takardar Ibukun. Ta ɗauko kamfas da rula ta yi nata zanen, ta ƙirga, sannan ta ajiye takardar Ibukun a kan gyaɗar tawa.

“Sati, ƙirga.”

“Haba Malama, kundi fa ya ce…”

“Ban tambaye ka kundi ba. Kana da ido? Ƙirga.”

Na bi lambobin yarinyar da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda ta tsallake. Babu. Na sake bi daga ƙarshe. Talatin da ɗaya.

Ta ja ni har ofishin Dadi kamar yaron da aka kama yana satar amsa. Ya saurare ta yana murmushi, ya ce, “Malama Keziya, ke dai ba kya gajiya. Biyu, huɗu, takwas, sha shida. Ko ɗan firamare ya san abin da ke biye.”

“Zato ya sani, Dadi. Ga alli, ga ƙaramin allo, zana ka ƙirga.”

Ya zana, ya jera ɗigon daidai wa daida, ya ƙirga ya samu talatin. Ya ce allin ne ya yi kauri. Keziya ta ce ba alli ba ne, layi uku ne suka haɗu a tsakiya suka cinye yanki ɗaya, ya gusar da ɗigo guda. Ya goge ya sake, ya samu talatin da ɗaya. Ya sake ƙirgawa da yatsa, bakinsa yana motsi. Talatin da ɗaya. Ya ce to wataƙila akwai wani zanen da zai ba da talatin da biyu, mu ne ba mu same shi ba.

“Babu shi,” in ji ta, “kuma ba sai mun yi ta zane har gobe ba. Da'ira tana farawa da yanki ɗaya. Duk layin da ka ja yana ƙara yanki ɗaya, duk mararrabar da layi biyu suka gitta juna tana ƙara wani ɗaya. Ɗigo shida suna ba da layi goma sha biyar. Mararraba kuwa sai da ɗigo huɗu ake samun guda, kuma hanya goma sha biyar ce ta zaɓen huɗu cikin shida. Ɗaya, da sha biyar, da sha biyar. Talatin da ɗaya. Ko wa ya zana, ko a ina, ba zai wuce haka ba.”

Wallahi a lokacin na ji daɗi ya kama ni, abin ya zauna daram. Na ɗauka magana ta ƙare, za a ba yarinya makinta uku ta koma hamsin da ɗaya. Ashe ban san Dadi ba.

Ya kakkaɓe hannunsa ya zauna. Ya ce, “Shekara tara muna aiki da kundin nan bai taɓa ba mu kunya ba. Yaro arba'in da ɗaya sun ce talatin da biyu, malamin da ya yi maki ya ce talatin da biyu. Yanzu saboda yarinya ɗaya in ce duk mun yi kuskure?”

“E, haka za ka ce, don haka ne.”

“Kin san abin da kike nema? In talatin da ɗaya ce daidai, sai an cire wa sauran maki uku-uku. Mutum bakwai za su faɗo ƙasa da hamsin, kuma na riga na kira iyayensu na taya su murna.”

Keziya ta ce to a bar wa kowa makinsa, a soke tambayar, a ba kowa uku har da Ibukun. Ya ce in ya soke tambaya ɗaya, gobe kowane uba zai zo ya ce a duba masa kundi, daga nan iyaye su fara tambayar shekara taran da suka wuce. Ya yi ta kaɗa mukulli, can sai fuskarsa ta washe, kamar wanda ya tuno wani abin alheri.

“Ni ba mugu ba ne. Takardun nan iyaye suna ganinsu ranar ziyara, dole su zama iri ɗaya. Ku kira yarinyar ta zo ta gyara amsarta ta koma talatin da biyu, Malam Sati ya ba ta makinta, sunanta ya shiga. Kowa ya huta.”

Kun ji fa! Yarinya ta yi daidai, a kira ta ta gyara ya zama kuskure, sannan a saka mata. Keziya ta dube shi kamar ta ga ƙuda a cikin kunu. Ta ce, “Dadi, ka ji abin da ya fito daga bakinka kuwa?” Ya ce ya ji, kuma ƙofa a buɗe take har ranar Alhamis da azahar. Ni kuwa ina tsaye kamar turmi.

Ranar Talata ta sake komawa, ya ce yana da baƙi. Ranar Laraba ta rubuta masa takarda shafi biyu da hujjar a jere, ya sa a ƙarƙashin kofin shayinsa. Ta ce mini za ta ajiye aikin. Na ce in ta ajiye, sunan Ibukun zai shiga ne? Ta ce in rufe mata baki. Da aka tashi ta ce in raka ta kasuwa, tun da da hannuna a ciki.

Mun samu Mama Ibukun a tsakiyar bokitanta tana ɗaure murafe da igiya. Ta ba mu benci, ta aika a kawo mana ruwan leda. Keziya ta yi mata bayani tiryan-tiryan, har tana zana da'ira a bayan wani kwali. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Malama, ni ban yi boko mai nisa ba. Abin da na gane, 'yata ta yi daidai.”

“Ta yi daidai, Mama.”

“Kuma in ta tsaya a kan daidai ɗin, ba za ta zauna jarabawa bana ba.”

Keziya ta sunkuyar da kai.

“To ni shekara shida ina jiran wannan shekarar. Ƙafafuna sun fara kumbura, in ba ta zauna bana ba, nan za ta zo ta zauna, kuma wanda ya zauna a shagon nan ba ya komawa aji, na ga na maƙwabta. Don Allah Malama, ɗaya ne fa tsakani. Ki bar ta ta rubuta musu abin da suke so.”

A hanyar dawowa na raka Keziya har inda ake shiga motar Samaru. Ta sa ƙafa ɗaya a mota sannan ta juyo ta ce, “Da ka ƙirga ranar Asabar, da ka kawo mini kafin a manna sunaye.” Gaskiya ta faɗa.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya aka kira Ibukun ofis. Dadi ya fito da takardarta ya shimfiɗa a tebur, har da ce mata 'yata. Ya dubi rubutun ya ce a nemo shuɗin biro irin wanda ta yi amfani da shi, kada tawada ta bambanta. Ni na zaro nawa daga aljihu na miƙa. Har wannan ma ni na yi.

Yarinyar ta karɓi biron, ba ta dubi Dadi ba, ba ta dube ni ba. Malamarta ta duba, wadda ke tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

“Malama, ba daidai na ƙirga ba?”

“Daidai kika ƙirga.”

“Sau uku na ƙirga. Shi ya sa ban gama ta tara ba.”

“Na sani, Ibukun.”

“To in rubuta?”

Keziya, matar da ba a taɓa rufe mata baki ba, a coci ko a makaranta, kalma ɗaya kawai ta furta. Ta ce, “Rubuta.”

Ibukun ta ja layi a kan talatin da ɗaya, ta rubuta talatin da biyu a gefe, da kyakkyawan rubutunta. Dadi ya turo mini takardar. Na soke jan da na yi da farko, na ba ta maki uku, na mayar da arba'in da takwas hamsin da ɗaya, na sa hannu. Dadi ya ce, “Yauwa, kun ga an gama lafiya. Allah ya yi miki albarka, ki riƙa bin abin da aka koya miki.” Ta ce na gode Dadi, har da durƙusawa. Na fita na je bayan ajujuwa na tofar da yawu, amma ɗacin bai tafi ba.

Keziya ba ta ajiye aiki ba, tana da yara biyu a makaranta. Kundin ma yana nan a durowarsa, da talatin da biyunsa. Sunan Ibukun ya tafi ranar Juma'a tare da na sauran.

Mako na gaba aka ci gaba da bita. Ina wucewa ta bakin tagar aji shida sai na tsaya, kamar yadda na saba. Keziya ta rubuta wasu lambobi a allo, ta ce wa zai faɗi ta gaba, kuma ya nuna mata yadda ya tabbatar. Yara suka yi ta jefo amsa. Ta bi su da ido har layin baya, inda hannu ɗaya ya saba tashi. Hannun yana kan benci.

“Ibukun, ke fa? Me kika samu?”

Yarinyar ta miƙe tsaye cikin ladabi. Babu fushi a fuskarta, babu raini, da gaske take tambaya.

“Malama, me kundi ya ce?”

Keziya ta tsaya da alli a hannu. Can ta ce, “Zauna,” ta juya ta fuskanci allo, ta daɗe a haka ba ta rubuta komai ba.